BARCI DA ƘARFIN ƊAN WASA

Duk wanda ya biyo hanyar filin jirgin sama zai shiga Abuja, da zarar ya kusa ƙofar gari sai ya hangi babban filin wasanni na ƙasa. An gina shi ne domin Gasar Wasannin Afirka ta takwas, wadda aka yi a watan Oktoba na 2003. Yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 60,000, kuma tun ranar 12 ga watan Yuni 2019 ake kiransa da sunan marigayi Moshood Abiola. Amma da aka tashi shirin wannan gasa ba filin kaɗai aka gina ba. An gina unguwa sukutum, wadda har yau ake kira Games Village, domin 'yan wasan da suka zo daga ƙasashe fiye da 50 su sami inda za su kwana. Filin wasa kowa ya san amfaninsa, domin a nan ake tafi, a nan ake rataya wa mutum lambar zinariya. Ɗakin kwana kuwa ba mai zuwa kallo, shi ya sa jama'a da yawa ba su ɗauke shi a bakin kome ba.

Nufin wannan darasi shi ne a bayyana wa 'yan wasa, da masu horar da su, da iyaye, da malaman makaranta, da duk mai motsa jiki don lafiyarsa, cewa barci wani sashi ne na horo, daidai da gudu da ɗaga ƙarfe da cin abinci mai gina jiki. Wanda ya yi atisaye da rana ya ƙi barci da dare, kamar manomin da ya yi huɗa ya yi shuka ne sa'an nan ya hana gonar ruwa.

ABIN DA KE FARUWA IDAN MUTUM YA YI BARCI

A da, an ɗauka cewa idan mutum ya yi barci kome nasa ya tsaya ke nan sai numfashi. Har Hausawa suna cewa barci ƙanin mutuwa. A shekarar 1953 wasu masana biyu na Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka lura cewa akwai lokutan da idanun mai barci suke ta kai da kawowa a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwarsa kuwa tana aiki kamar ta wanda yake farke. Idan aka ta da shi a wannan lokaci, galibi sai ya ce mafarki yake yi. Daga nan aka fahimci cewa barci iri-iri ne, kuma kowane iri da aikinsa.

Mai barci yakan fara da barci mara nauyi, sa'an nan ya nutsa cikin barci mai nauyi, watau irin wanda ko an kira sunansa ba ya ji, daga nan ya shiga barcin mafarki. Wannan zagaye yakan ɗauki kimanin minti 90, kuma akan maimaita shi sau huɗu zuwa shida kafin gari ya waye. Sai dai rabon ba daidai yake ba. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, barcin mafarki kuwa ya fi yawa wajen goshin asuba. Saboda haka duk wanda ya rage barcinsa, ko ta farko ko ta ƙarshe, akwai wani aiki da ya bari ba a gama ba.

To, mene ne ruwan ɗan wasa da wannan? Ya kamata mai karatu ya san cewa atisaye shi kansa ba ya ƙara wa mutum ƙarfi a lokacin da yake yin sa. Rage masa ƙarfi ma yake yi. Mai gudu ko mai ɗaga ƙarfe yana jawo wa zarurrukan tsokarsa 'yan ƙananan raunuka waɗanda ido ba ya gani, yana kuma ƙone sukarin da jiki ya tara a cikin tsoka domin aiki. Ciwon jikin da mutum yake tashi da shi kashegarin babban atisaye alama ce ta wannan wahala. Bayan an bar fili ne jiki yake gyara abin da ya ɓaci, ya ɗinke shi ya fi dā ƙarfi, ya sake cika rumbun sukarin. Mafi yawan sinadarin girma, wanda wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take fitarwa domin gina tsoka da ƙashi, yana fitowa ne a cikin barci mai nauyi na farkon dare, musamman ga samari. A wannan lokaci bugun zuciya yakan ragu, hawan jini ya sauka, jiki ya mai da hankali ga gyara.

Ba tsoka kaɗai ke amfana ba. Wasa ba ƙarfi ne zalla ba, akwai gwaninta. Yadda ɗan ƙwallo zai tare ƙwallo da ƙirji, da yadda ɗan dambe zai kauce ya mai da martani, da yadda mai tsalle zai daidaita takunsa kafin ya tashi sama, duk darussa ne da ƙwaƙwalwa take koya. A shekarar 2002 masu bincike na Jami'ar Harvard suka koya wa mutane buga wasu lambobi a jere da yatsu, sa'an nan suka sake gwada su bayan awa 12. Waɗanda suka yi wannan lokaci a farke ba su ƙaru da wani abin kirki ba. Waɗanda suka kwana suka tashi kuwa saurinsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari, ba tare da sun ƙara ko da minti ɗaya na koyo ba. Ke nan abin da koci ya koyar da yamma, cikin dare ne yake zama daram a kai.

ABIN DA AKA GANI DA AKA GWADA

Gwajin da ya fi shahara a kan wannan batu shi ne wanda wata mai bincike, Cheri Mah, ta yi tare da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga sakamakonsa a shekarar 2011. Sun ɗauki 'yan ƙwallon kwando 11 na jami'ar, suka fara auna su suna barcinsu yadda suka saba. Daga nan aka umarce su su riƙa yin awa 10 a kan gado kowane dare har tsawon mako biyar zuwa bakwai. Barcinsu ya ƙaru da kusan awa biyu. Da aka sake auna su, gudun da suke yi na kimanin mita 86 a cikin daƙiƙa 16.2 sai ya koma daƙiƙa 15.5. Jefa ƙwallo cikin kwando kuma ya ƙaru da kashi 9 cikin ɗari. Gaskiya ne mutum 11 ba su da yawa, kuma ba a ware wata ƙungiya dabam da za a kwatanta su da ita ba, saboda haka bai kamata a ɗauka cewa kowa zai sami wannan ƙari daidai wa daida ba. Amma duk wanda ya san guje-guje ya san cewa abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba shi ke raba na ɗaya da na takwas.

An kuma gwada ta ɗaya ɓangaren. A Jami'ar Bangor ta Birtaniya, a wani bincike na shekarar 2009, an hana maza 11 barci na dare ɗaya, sa'an nan aka sa su gudun minti 30. Tazarar da suka ci ta ragu da kimanin kashi 3 cikin ɗari, alhali kuwa su a ransu suna jin sun yi iyakar ƙoƙarin da suka saba. Rashin barci yakan sa aiki ya yi wa mutum nauyi fiye da yadda yake, har ya sare tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Abin lura shi ne, ƙarfin damtse na ɗaga abu sau ɗaya bai cika raguwa ba saboda rashin barcin dare guda. Abin da yake fara tafiya shi ne juriya, da saiti, da saurin yanke shawara. Mai tsaron gida da ya makara da ƙiftawar ido, ƙwallo ta riga ta shiga raga.

BASHIN DA BA A JIN NAUYINSA

Mutane kaɗan ne suke kwana ido biyu. Abin da ya fi yawa, kuma ya fi haɗari, shi ne rage awa ɗaya ko biyu kowane dare. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana bukatar aƙalla awa 7, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. Mai atisaye mai tsanani ya fi kusa da bukatar adadin sama fiye da na ƙasa. Duk abin da aka rage daga wannan bashi ne, kuma taruwa yake yi.

A shekarar 2003, masu bincike na Jami'ar Pennsylvania suka ba da rahoton wani gwaji da suka yi da mutum 48. An ƙayyade wa wasu awa 8, wasu awa 6, wasu awa 4, har kwana 14. Masu awa 8 ba su canja ba. Masu awa 6 kuwa kullum hankalinsu sai ƙara dusashewa yake yi, har a ƙarshen mako na biyu suka zama kamar wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai runtsa ba. Babban abin mamaki shi ne, da ake tambayarsu, sai su ce ai gyangyaɗin da suke ji ɗan kaɗan ne, sun saba. Na'ura tana nuna suna ƙara lalacewa, su kuwa suna ganin lafiya lau suke.

Wannan shi ne amsar masu cewa, "Ni awa huɗu ta ishe ni." Akan ce jiki magayi, amma a kan wannan batu jiki ba ya faɗin gaskiya duka, domin ƙwaƙwalwar da za ta auna gajiyar ita ce ta gaji. Akwai mutane ƙalilan da aka halitta da bukatar barci kaɗan, amma suna da wuyar samu ƙwarai, kuma wanda sai an buga masa ƙofa sau uku yake tashi, ko yake angaje a cikin mota, ba ya cikinsu.

Bashin barci yana fitowa ta wata hanyar kuma, watau rauni. Wani bincike da aka buga a 2014 ya duba ɗalibai 112 masu wasanni a wata makaranta ta jihar Kalifoniya. Waɗanda barcinsu bai kai awa 8 ba sun fi sauran samun rauni da ninki 1.7. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙafar da ta gaji ba ta sauka daidai, idon da ya yi nauyi ba ya ganin rami ko ƙafar abokin karawa. Targaɗe ko gocewar ƙashi na iya zaunar da yaro wata da watanni, wani ma ya rabu da wasa ke nan. Har wa yau an gano cewa masu ƙarancin barci sun fi saurin kamuwa da mura, wanda kuwa yake kwance ba ya atisaye.

ƁARAYIN BARCI A ABUJA

Allah ya yi wa ƙasar nan wata baiwa a wannan fanni. Da yake Abuja tana kusa da tsakiyar duniya, tsawon dare da na rana ba su cika bambanta ba duk shekara. Ana sallar lisha wajen ƙarfe takwas, ana kiran assalatu wajen ƙarfe biyar. Tsakanin waɗannan akwai kimanin awa tara. Mutanen dā, da ba su da lantarki, suna yin 'yar hira bayan lisha su kwanta, su tashi da asuba garau su tafi gona. Lokacin yana nan bai ragu ba. Abin da ya canja shi ne yawan masu rabonsa.

Na farko shi ne nisa. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja ranar 12 ga watan Disamba 1991, jama'a suke ta kwararowa, kuma mafi yawan ma'aikata da 'yan makaranta ba su da halin zama cikin gari. Suna Nyanya da Karu da Kubwa da Lugbe da Gwagwalada, wasu ma suna Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, ko Suleja a Jihar Neja. Wanda ya san cunkoson motoci na hanyar Keffi ya san cewa mai son isa aiki a kan lokaci da duhu-duhu yake fita, kuma ba zai dawo gida ba sai dare. Wannan ba laifin kowa ba ne a cikinsu, kuma ba abu ne da za a ce wa mutum ya bari ba. Amma tun da lokacin tashi ba ya matsawa, lalle ne lokacin kwanciya ya matso.

A nan ne ɓarawo na biyu yake shigowa. A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 17 da ke zaune a Mararaba, yana buga wa ƙungiyar unguwa, yana kuma mafarkin wata rana ya sa rigar ƙasa. Manyan wasannin Turai na tsakiyar mako ana fara su ƙarfe takwas ko tara na dare agogon Nijeriya, a tashi wajen goma ko sha ɗaya. Ya fito daga gidan kallo, a tsaya musu a teburin mai shayi, ya isa gida ya ɗauki waya. Sai sha biyu ta gota yake runtsawa, biyar kuma ya tashi. Awa biyar ke nan a maimakon takwas. Idan haka ta faru sau uku a mako, ya ci bashin awa tara, fiye da dare guda cur. Abin tausayi shi ne, 'yan wasan da ya hana kansa barci domin ya kalla, manyan ƙungiyoyinsu suna da ma'aikata na musamman masu kula da barcinsu. Ba a ce kada a yi kallo ba. Amma mai son zama ɗan wasa sai ya zaɓi wasan da zai kalla, ya bar saura ya ji labari da safe.

Ita wayar hannu ta kan hana barci ta hanya biyu. Haskenta yana jinkirta fitowar sinadarin da ke shaida wa jiki cewa dare ya yi, abin da ake kallo a ciki kuma yana hana zuciya kwanciya. Magani mai sauƙi shi ne a ajiye ta nesa da shimfiɗa, kamar awa ɗaya kafin kwanciya.

Sai kuma abin da ake ci ake sha. Goro da shayi da kofi da lemunan nan na gwangwani da ake tallarsu da sunan ƙarin kuzari, duk suna ɗauke da sinadari ɗaya mai suna kafeyin. Ba ya kawar da gajiya, rufe ta yake yi. Bayan kimanin awa biyar da shansa, rabinsa yana nan cikin jini. A wani gwaji na shekarar 2013 a Amurka, an ba mutane kafeyin mai yawa awa shida kafin su kwanta, barcinsu ya ragu da fiye da awa ɗaya. Saboda haka mai atisaye ya yi shayinsa mai kauri da safe, ya ci goronsa da hantsi, daga la'asar kuwa ya haƙura. Game da ƙwayoyi, magana ɗaya ce. Akwai matasa da suke shan tiramadol don kada su ji gajiya ko zafin bugu, sa'an nan su nemi wani abin da zai sa su barci. Maye ba barci ba ne, kuma ba ya yin aikin gyaran da aka bayyana a sama. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta tiramadol a lokacin gasa. Wanda aka samu da shi a fitsarinsa zai iya rasa lambarsa, a kuma dakatar da shi.

Zafi ma ɓarawo ne. Jiki ba ya shiga barci sai ɗuminsa ya ɗan sauka, shi ya sa a watan Maris da Afrilu, kafin ruwa ya sauka, mutane suke ta juyi a kan gado. Wanka da ruwa kafin kwanciya, da buɗe taga, da tufa mara nauyi suna taimakawa. Wanda ya fita tsakar gida don shan iska kada ya bar gidan sauronsa a ɗaki, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi rashin barcin dare ɗaya ɓarna.

MOTSA JIKI NA KAWO BARCI

Dangantakar ba ta gefe ɗaya ba ce. Kamar yadda barci yake gyara wasa, haka motsa jiki yake gyara barci. Leburan da ya yini yana ɗaukar bulo ba ya neman maganin barci. Ma'aikacin ofis da ya yini a kujera, ya shiga mota, ya dawo ya zauna gaban talabijin, shi ne yake kwana yana ƙirga silin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a shekarar 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara da matasa kuwa minti 60 kowace rana. Tafiya da sauri ta isa. Masu zagaya bakin tafkin Jabi da safiyar Asabar suna kan hanya, sai dai rana ɗaya a mako ba ta wadatar ba. Minti 30 sau biyar ya fi awa biyu da rabi a tashi ɗaya.

An daɗe ana cewa motsa jiki da dare yana hana barci. Da aka tattara gwaje-gwaje da dama aka duba, sai aka ga abin bai kai haka ba. Wanda ba shi da lokaci sai bayan magariba ya yi abinsa. Abin da za a guje wa shi ne atisaye mai tsanani wanda zai ƙare ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya, domin zuciya tana bukatar lokaci ta lafa, jiki kuma ya huce. Ƙarfi da saurin ɗan Adam sun fi kaiwa matuƙa tsakanin la'asar da magariba, lokacin da ɗumin jiki ya kai ƙololuwa. Ashe samarin da ke fita fili bayan la'asar, da 'yan damben da ke karawa da yamma a irin gidan dambe na Dei-Dei, sun dace da lokaci tun ba a auna ba. Kocin da ya ce a fito ƙarfe biyar da rabi na safe saboda gudun rana yana da hujja, amma sai ya tabbata yaransa sun kwanta tun ƙarfe tara. In ba haka ba, abin da ya samu a fili ya zubar da shi tun daga gado.

ƘAILULA DA WATAN AZUMI

Ƙailula, watau ɗan barcin tsakar rana, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, malamai kuma sun daɗe suna kwaɗaitarwa a kanta. Binciken zamani ya gaskata amfaninta. A birnin Libaful na Ingila, a shekarar 2007, an ga cewa mutanen da suka sami awa huɗu kacal da dare, da suka yi barcin rabin awa bayan abincin rana, hankalinsu ya dawo, gudunsu na gajeren zango kuma ya gyaru. Sharaɗinta biyu ne. Kada ta wuce minti 20 zuwa 30, don kada a nutsa cikin barci mai nauyi a tashi da magagi, kuma kada a kai ta bayan la'asar, don kada ta cinye barcin dare. Wanda zai yi wasa ya bar aƙalla rabin awa tsakanin tashinsa da shiga fili.

A watan azumi dare yakan rabu kashi-kashi: buɗa baki, da asham, da sahur, ga kuma tahajjud a goman ƙarshe. Masu bincike da suka bi 'yan wasa Musulmi sun sha ganin cewa barcinsu na dare yana raguwa a wannan wata, kuma wani ɓangare na kasalar da ake ɗora wa yunwa da ƙishirwa, ta rashin barci ce. Azumi bai hana wasa ba, domin Gasar Olamfik ta Landan ta 2012 ma cikin watan azumi aka yi ta. Abin da ya dace shi ne a lissafa barcin yini da dare gaba ɗaya a tabbata ya kai adadi, a kwanta da zarar an idar da asham a maimakon hira har sahur, a ƙara da ƙailula, a kuma mai da atisaye mai nauyi zuwa bayan shan ruwa.

TAFIYA MAI NISA DA JAJIBIRIN GASA

A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani agogo da yake bin fitowar rana da faɗuwarta. Idan jirgin sama ya ɗauke mutum ya kai shi ƙasar da lokacinta ya bambanta, agogon hannu ana gyara shi nan take, na jiki kuwa sai a hankali, kimanin kwana ɗaya ga kowace awa ɗaya ta bambanci. Tafiya gabas ta fi tafiya yamma wuya. Tokiyo tana gaban Abuja da awa 8. A Gasar Olamfik da aka yi can a 2021, wasan ƙarshe na dogon tsalle na mata, inda Ese Brume ta ci lambar tagulla, da hantsi aka yi shi, lokacin da ake wajen ƙarfe uku na dare a Nijeriya. Duk wanda ya tashi daga nan ya sauka kwana biyu kafin irin wannan gasa, zai yi tsalle ne jikinsa yana tsammanin tsakar dare ne. Dalilin da ya sa ake kai 'yan wasa sansani da wuri ke nan, ana fitar da su cikin hasken rana a lokacin da ya dace, ana ba su abinci bisa agogon masaukinsu.

Wani zai kawo hujja da abin da ya faru a 2016, lokacin da 'yan ƙwallon Nijeriya ƙarƙashin Samson Siasia suka sauka a birnin Manaus na Barazil 'yan awoyi kaɗan kafin wasansu na farko, suka kuma ci Japan 5 da 4, har daga baya suka dawo da lambar tagulla. Jarumtaka ce babu shakka. Amma a tuna cewa daga Atlanta suka taso, inda suka yi makonni suna atisaye, kuma a watan Agusta agogon Atlanta da na Manaus ɗaya ne. Gajiyar tafiya suka sha, agogon jikinsu bai motsa ba. Da daga Abuja suka taso ran nan, da bambancin awa biyar, wasan da aka fara ƙarfe tara na dare a can zai zama ƙarfe biyu na dare a jikinsu.

Game da daren jajibirin gasa, 'yan wasa da yawa, har da gwanaye, ba sa samun barci sosai saboda zullumi. Kada wannan ya tsorata kowa. Wanda ya yi mako guda yana barci isasshe, dare ɗaya ba zai rushe shi ba, kuma tsoron rashin barcin ya fi rashin barcin kansa illa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a tara barcin tun saura mako ɗaya ko biyu. Idan an kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, a tashi a zauna wuri mai ƙarancin haske, a yi karatu ko tasbihi, sai an ji gyangyaɗi a koma. Kada a gwada wani maganin barci a wannan dare, domin nauyinsa na iya kaiwa har lokacin wasa.

LOKACIN GANIN LIKITA

Akwai rashin barcin da ba gyaran hali ke maganinsa ba. Wanda ya yi wata uku yana fama da rashin barci dare uku ko fiye a mako, ya je asibiti. Haka kuma wanda yake munshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa da shaƙuwa, ya tashi da ciwon kai ko ya yini yana angaje ko da ya yi awa takwas. Wannan cuta ce ta toshewar hanyar iska, ta fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, ciki har da manyan 'yan kokawa da masu ɗaga ƙarfe, tana da alaƙa da hawan jini, kuma tana da magani. Shi mai munsharin bai san yana yi ba, saboda haka matarsa ko abokin ɗakinsa su ne za su gaya masa.

Ga ɗan wasa kuwa akwai wata alama ta musamman. Idan ya ƙara yawan atisaye, sai ya ga duk da gajiya barci ya ƙi zuwa, bugun zuciyarsa da safe ya fi yadda ya saba, ga saurin fushi, ga wasansa yana ja da baya, to ya ɗora wa jiki abin da ya fi ƙarfinsa. Maganin wannan rage atisaye ne na wasu kwanaki, ba ƙari ba. Domin a gane haka da wuri, yana da kyau kowane koci da malamin wasanni ya sa yaransa su riƙa rubuta lokacin da suka kwanta da lokacin da suka tashi a cikin ɗan littafi, ya riƙa dubawa kowane mako tare da littafin da yake rubuta sakamakon gudu da na tsalle.